Takardun Ƙafar 'Yar Ƙanena

Ƙanena ya rasu a Sabha, cikin ƙasar Libiya, inda ya daɗe yana sana'ar ɗinki. Ba mu ga gawarsa ba. Abin da ya iso mana Daura shi ne matarsa, da 'yarsa guda, da jakar kayansa. Ba zan tsawaita a kan wannan ba. Abin da nake so in rubuta shi ne wanda ya biyo baya, don a cikinsa na yi irin murnar da na ɗauka ta ƙare mini.

Yarinyar ta zo mana da ɗingishi. Tun tana ƙarama mota ta buge ta a can, ƙashin cinyarta ya karye, likitoci suka yi mata aiki suka sa ƙarfe. Ƙarfen ya riƙe ƙashin, sai dai ita tana girma, shi kuwa yana nan yadda aka sa shi. Da ta fara tasawa sai ƙafar ta soma karkata. In aka aike ta bakin titi, sai ta zauna a dakalin mutane ta huta kafin ta ƙarasa. Inna, mahaifiyarmu, takan dube ta ta ce, "Ƙawata, tsakanin ni da ke wa zai riga wani riƙe sanda?" Ita kuma ta ce ai Kaka ta riga ta nisa, tunda har haƙora ta soma ajiyewa.

Da matar ƙanena ta fita takaba ta koma gidan iyayenta a Damagaram, ta bar yarinyar wurin Inna don ta ɗebe mata kewa. Wata safiya ina shanya wanki sai ta kira ni a waya daga Damagaram, muryarta na rawa, har na tsorata. Ashe alheri ne. Ta ce akwai likitocin ƙashi da kan zo wani asibiti a can bayan an gama girbi, suna yi wa yara aiki, kuma likitan da ke tsara sunayen yaran ya yarda a kawo tamu ya duba. Na bar wankin a cikin bokiti na nufi gidan Inna, sai a hanya na lura takalman da na sa ba iri ɗaya ba ne.

Maigidana yana cinikin dabbobi a kasuwar Mai'adua, hanyar iyakar Kongolam kuwa ya san ta kamar tsakar gidansa. Shi ya kai mu Damagaram, ni da yarinyar. Likitan ya sa aka ɗauki hoton ƙashi, ya ɗaga shi wajen haske, ya yi magana da Faransanci, wata ma'aikaciyar jinya tana mayar mana da Hausa. Ya ce aikin ba mai wuya ba ne, za a cire ƙarfen a miƙar da ƙashin, yarinya ta taka kamar kowa. Na ji kamar in tashi in yi guɗa a ofishin mutane. Sai ya tambayi uwar yadda aka yi a aikin farko. Ta ce ita abin da ta sani, yarinyar ta daɗe ƙwarai ba ta farfaɗo ba, har aka sa mata na'urar numfashi, uban yana ta kai da kawo yana magana da likitoci da Larabci. Da ta tambaye shi, cewa kawai ya yi ya wuce, a gode wa Allah.

Likitan ya ajiye alƙalaminsa. Ya ce ba zai rubuta sunanta ba sai ya san maganin da aka ba ta a wancan karon da abin da ya yi mata, don ba zai sa yarinya barcin da bai san ko za ta tashi ba. Muka miƙa masa ambulan ɗin takardun Sabha da muka zo da shi. Ya juya su, ya mayar mana. Duk Larabci ne, shi bai iya ba, baƙin da za su zo ma ba su iya ba. Ya ce mu nemo wanda zai juya su zuwa Faransanci, wanda ya san harshen asibiti, kafin a rufe karɓar suna.

Gaskiya a hanyar komawa dariya nake yi. Na ce wa maigida in dai Larabci ne ai an zo gida, a Daura lungu nawa ne babu malami? Washegari ya kai takardun wurin malamin unguwarmu, dattijo ne da ya karantar da mu duka. Ya kuma gayyato wani abokin cinikinsa mutumin Matamaye, wanda ya yi makarantar boko ta can, yana rubuta Faransanci. Aka shimfiɗa tabarma a zaurenmu, na dama fura na aika musu, na tsaya bayan ƙofa ina saurare. Malam ya karanta layi ya faɗi ma'anarsa da Hausa, baƙon ya rubuta da Faransanci. Sunan yarinya, shekarunta, ranar da aka kwantar da ita, duk suka tafi sumul. Da aka shiga ciki sai na riƙa jin Malam yana tsayawa. Ya maimaita kalma, ya ce, "Wannan ba ta cikin littattafanmu. A bar wurinta." Bai taɓa cika gurbi da zato ba, Allah ya saka masa. Amma da aka gama, takardar Faransancin ta fito kamar tsohuwar tabarma, nan saƙa nan rami.

Duk da haka muka kai ta Damagaram da murnarmu. Likitan ya karanta, ya yi murmushi, ya ce a gaishe da waɗanda suka yi aikin, sun yi gaskiya. Sai dai wuraren da aka bari, su ne daidai abin da yake nema.

Daga nan neman ya zame mini aiki. Ni ɗinkin kayan yara nake yi a gida, to duk matar da ta kawo ɗinki sai na tambaye ta ko ta san wanda ya haɗa Larabci da Faransanci. Aka kai ni wurin wani malamin Larabci na makarantar sakandare, ya ce shi Faransanci ko gaisuwa bai iya ba. Aka nuna mini malamar Faransanci, ita kuma Larabcinta na salla ne. Wata maƙwabciya ta ce ai yanzu waya na yin fassara, ta ɗora wayarta a kan takarda ɗaya ta sa ta juya mana zuwa Hausa don mu gwada. Abin da ya fito ya sa muka yi dariya har da hawaye, wai an ɗaure yarinya da farantin abinci. Na ce in ta yi wa Hausa haka, Allah kaɗai ya san abin da za ta yi wa Faransancin da ba mai dubawa a cikinmu. Aka ba maigida lambar wani a Kano mai fassara takardun ɗalibai, shi kuma daga Larabci zuwa Turanci yake yi. Kowace ƙofa muka ƙwanƙwasa sai mu tarar da rabin abin da muke nema. Gero kuwa ya riga ya fitar da kai a gonakin hanyar Baure, ina ganinsa na san lokaci na ƙurewa.

Abin mamaki, ban karaya ba. Tun rasuwar ƙanena ban tashi da safe ina da abin da nake ɗokin yi ba sai a kwanakin nan. Inna ma ta lura. Ta ce rabon da ta ga ina cin tuwo ina magana tun kafin labarin Sabha ya zo.

Matar ƙanena ce ta samo bakin zaren. Ta je wurin wani mutum a Damagaram da ke fassara takardun aure da na shari'a, mai hatimin hukuma. Ya duba hoton takardun a wayarta ya ce shi ba ya taɓa na asibiti, domin takardar gado in ka kuskure a kotu za a gyara, ta asibiti kuwa a maƙabarta ake ganin kuskuren. Amma ya san wata mata da ta yi karatun haɗa magunguna a Aljeriya, ta yi aiki a asibitocin can, ta dawo gida tana fassara wa asibitoci takardu tsakanin Larabci da Faransanci. Ya ba ta lambarta.

Ni na kira ta. Na yi tsammanin za ta fara da maganar ladan aiki, sai ta fara da tambayoyi. Daga wace ƙasa takardun suke? Bugun inji ne ko rubutun hannu? Wane likita ne zai karanta, na ƙashi ko mai sa barci? Tun daga tambayoyin nan na san mun iso. Ta ce kada a turo mata hoto, a kawo ainihin takardun ta gani da idonta. Da na ajiye wayar na shiga ɗaki na yi sujada, na fito na gaya wa Inna, na gaya wa maƙwabta, har mai kawo mana ruwa sai da ya ji.

Gidanta yana wata unguwa mai yashi a Damagaram. Mace ce siririya, ba ta kai ni shekaru ba, da tabarau a fuska. A ɗakin aikinta akwai kwamfuta da manyan littattafai masu kauri, wasu ana buɗe su ta dama wasu ta hagu. Ta yi mana ta'aziyya tukuna, ni da matar ƙanena, ta kawo ruwa, sannan ta wanke hannu ta zazzage ambulan. Ba ta fara karantawa ba sai da ta jera takardun a kan tebur tana duba lambar da ke ƙasan kowace. Ta karanta ta farko da ta biyu, bakinta na motsi, ba ta tsaya ko sau ɗaya ba. Na taɓa matar ƙanena da gwiwar hannu, ita ma ta taɓa ni.

Can sai ta sake komawa kan lambobin. Ta cire tabarau ta ce, "Yaya, akwai ɗaya da babu a nan."

Ta bayyana mana cewa sauran takardun sun faɗi yadda aka sa ƙarfen da irinsa, amma duk inda aka zo maganar rashin farfaɗowa sai a ce a duba takardar likita mai sa barci. Ita ce babu. Ta ce irin wannan yawanci da hannu ake rubuta ta a ɗakin aiki. Za ta iya fassara sauran tsaf, amma ba za ta ɓoye mana ba, ba su ƙunshi amsar da likita ke jira ba.

Matar ƙanena ta rantse ba ta taɓa cire komai daga ambulan ɗin ba. Sai can ta ce ta tuna akwai wata takarda da marigayin bai haɗa da sauran ba, ya naɗe ta a leda ya sa cikin Alƙur'aninsa, ya kuma hana kowa taɓawa. Alƙur'anin yana cikin jakar da aka kawo Daura. Jakar kuwa Inna ce ta buɗe ta, ita kaɗai, a ɗakinta.

Ranar na koma gida. Na tarar da Inna tana tsince wake a tsakar gida, yarinyar na gefenta. Na gaishe ta, na zauna, na tambaye ta ko ta ga wata takarda cikin Alƙur'anin marigayi. Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce ta gani mana. Rubutun hannu ne, da Bisimilla a samansa, an naɗe shi da kyau an ɓoye cikin Littafin Allah. Me mutum zai ajiye a irin wannan wuri in ba addu'a ba? Ta san addu'a ce ya karɓo wa 'yarsa wurin malaman can saboda ƙafar, ajali bai bar shi ya ba ta ba. Don haka ta cika masa nufinsa, ta kai wa baduku ya ɗinke ta a fata. Ta miƙa hannu ta jawo wata 'yar igiya daga wuyan rigar yarinyar. Ga laya nan, jar fata, har ta yi baƙi-baƙi saboda gumi.

Na san layar. Ni nake yi wa yarinyar wanka wani lokaci, in cire ta in rataye a ƙusa in mayar mata. Ban taɓa tambayar abin da ke ciki ba, don ba a tambaya.

Na gaya wa Inna abin da mai fassara ta ce. Ta ajiye farantin wake. Ta ce laya ba a buɗe ta, kowa ya san in an buɗe ta tashi aiki. Na ce to Inna in takardar likita ce fa? Ta ce, "In kuma addu'a ce fa? Abu ɗaya da ya bar wa 'yarsa da hannunsa, shi za ki sa in farke?"

Na dubi idonta. Na tashi na ɗora mata ruwan alwala na tafi gida. Maigida ya ce a kira Malam ya yi mata magana, na ce a'a, a bar ta tukuna. Inna in aka taru a kanta ƙara kafewa take yi.

Da hantsi washegari sai ga yarinyar ta shigo gidanmu tana jan ƙafa, ta ce Kaka na kira, wai in sa mayafi. Na tarar da Inna a ƙofar gida ta riga ta shirya, layar na ƙulle a bakin zanenta. Ba ta yi mini bayani ba. Abin da ta ce kawai, kada wanda ya sa reza, wanda ya ɗinke shi zai farke, don shi ya san inda takardar ta kwanta. Daga baya ne maƙwabciyarta ta gaya mini cewa da safen Inna ta tsaya a zaure tana kallon yarinyar ta tafi sayo ƙuli-ƙuli, ta ga inda ta zauna ta huta, da inda ta sake zama.

Badukun tsoho ne, rumfarsa na cikin tsohon gari. Da ya ji abin da muke so ya dubi Inna ya ce shi dai tun da yake bai taɓa farke aikinsa ba, amma tunda Hajiya ce ta kawo da kanta, to. Ya ɗauki basilla ya riƙa zare ɗinkin ɗaya bayan ɗaya, a hankali kamar mai cire ƙaya daga ƙafar jariri. Ni kuwa na kasa zama, sai in tsuguna in miƙe. Ya buɗe fatar, ya warware zaren da ya naɗe takardar da shi. Ashe da ledarta ya ɗinke, yadda aka kawo masa. Gumi bai taɓa rubutun ba.

Muka biya wurin Malam. Ya buɗe ninkin a kan gwiwarsa, ya duba, ya ce Bisimilla ce a sama, gaskiya ne, amma sauran duk na likita ne, ga ma hatimin asibiti a ƙasa. Na saci kallon Inna, ina tsoron abin da za ta ji. Sai ta ce, "Ashe ya san abin da ya ɓoye." Ta juya gare ni ta ce me nake jira, ko sai motocin Kongolam sun ƙare?

Ban taɓa jin hanyar nan ta yi tsawo kamar ranar ba. Takardar na cikin ledarta, ledar na cikin jakata, jakar na kan cinyata, hannuwana biyu a kai. A bakin iyaka wani jami'i ya tambaye ni abin da na riƙe haka kamar zinariya, na ce takardar asibiti ce, ya ce Allah ya ba da lafiya, ya ɗaga mana hannu.

Na biya na ɗauki matar ƙanena muka je, mai fassara ta karɓi takardar da hannu biyu. Da ta ji inda takardar ta kwana ba ta yi dariya ba, ta ce ita ma kakarta da haka za ta yi. Ta shimfiɗa ta, ta danne gefunan da littattafai, ta karanta. Rubutun likita ne mai gudu, akwai kalma ɗaya da ninki ya bi ta kanta. Ta duba ta da gilashin ƙara girma, ta buɗe littafi, ta rufe. Ta ce tana da zato mai ƙarfi, amma sunan magani ba wurin zato ba ne. Ta kira wani likita mai sa barci da suka yi karatu tare, ta tura masa hoton layin, suka yi magana da Larabci suna komawa Faransanci. Sai da bakinsu ya zo ɗaya sannan ta rubuta.

Bayan ta gama ta juyo ta yi mana bayani da Hausa, abin da ba wanda ya taɓa yi wa uwar yarinyar. Ta ce akwai maganin da ake ba mutum lokacin aiki don jikinsa ya saki. Yawancin mutane jikinsu kan narkar da shi nan da nan, na yarinyarmu kuwa ba ya narkar da shi da wuri, shi ya sa ta kasa numfashi da kanta. Likitan Sabha ya rubuta sunan maganin, ya ce kada a sake ba ta shi, akwai wasu da za su maye gurbinsa. Ya kuma rubuta cewa abin kan bi jini, dangi su sani. Matar ƙanena ta rufe fuska da mayafi. Ta ce shekara da shekaru tana zaton wani abu ne ya lalace a jikin 'yarta.

A ƙasan takardar akwai inda aka sa uban ya sa hannu, shaidar an gaya masa. Da boko ya rubuta sunansa, da irin manyan baƙaƙen nan nasa masu jingina da juna, waɗanda ni na koya masa a ƙasa da tsinke kafin a sa shi makaranta. Na roƙi mai fassara ta ba ni takardar in ɗan riƙe. Ta ba ni, ta juya ta ci gaba da bugun aikinta, ba ta dube ni ba sai da na mayar.

Kafin la'asar ta haɗa duka, kowace takardar Larabci da 'yar'uwarta ta Faransanci, ta buga hatimi ta sa hannu, ta ja layi ƙarƙashin sunan maganin. Muka tarar da likitan yana shirin tashi. A tsaye ya karanta. Da ya zo kan layin ya gyaɗa kai, ya koma ya zauna, ya jawo takardar sunayen yara. Na ga lokacin da alƙalaminsa ya sauka. Ma'aikaciyar jinyar ta ce mana ya ce yanzu ya san abin da zai kauce wa, a kawo yarinya in baƙi sun iso.

An yi aikin bayan an shigar da gero rumbu. Ni da uwarta muka zauna a benci a bakin ɗakin, kowa da carbinta. Na riga na shirya wa dogon jira, har na ce wa zuciyata ko yamma ta yi kada ta tsorata. Ba a kai azahar ba ma'aikaciyar jinyar ta leƙo tana dariya. Ta ce wace ce gwaggon yarinyar nan, ta zo ta ji da ita, ta farka tun ɗazu tana numfashi da kanta, kuma ta hana kowa sakat, wai sai an gaya mata wanda ya ba su izinin cire mata 'yan kunne.